Tsakanin "idan" da "da": yadda aikatau ke sauya siga a jimlolin *if* na Turanci

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sakandare, mai shirin zana WAEC da JAMB, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, jimlolin *if* sun ɗaure mini kai. An ce mana kashi huɗu ne, na haddace su tsaf, amma a jarrabawar gwaji na rubuta *If he came tomorrow, I will tell him*, aka soke. Me ya sa kuma ake cewa *If I were you*, alhali *I was* aka koya mana? Sannan yaushe ake sa *had* da *would have*?"

'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka. Jimlar da aka soke miki ba rashin karatu ne ya jawo ta ba, Hausarki ce ta riga Turancinki zuwa bakin alƙalami. Mu a Hausa cewa muke yi, "Idan ya zo gobe, zan gaya masa." Dubi wannan "ya zo" da kyau, ita ce dai wadda ke cikin "ai ya zo jiya." Wato bayan "idan", sigar abin da ya riga ya faru muke ɗauka, ko da zancen na gobe ne. Da kika zo juyawa sai hannunki ya kai ga *came*. Turanci ba ya yin haka. A wannan gurbin sigar yanzu yake so: *If he comes tomorrow, I will tell him.*

Wancan jadawalin da kika haddace, mai kashi na sifili da na ɗaya da na biyu da na uku, ba ƙarya ba ne, sai dai ni ba da shi nake fara koyarwa ba. Yana sa ɗalibi ya riƙa neman lamba maimakon ya nemi ma'ana, kuma maganar mutane ta fi ƙarfinsa. Tun a shekarar 1988 wani malamin Turanci mai suna David Maule ya nuna a mujallar ELT Journal cewa da yawa daga jimlolin *if* da Turawa ke furtawa a zahiri ba su shiga ko ɗaya daga kashe-kashe ukun da aka saba koyarwa, wato na ɗaya zuwa na uku. Abin da ya fi miki amfani yana nan cikin harshenki na gado. Bahaushe yana da hanya biyu ta gindaya sharaɗi. Akwai "idan" ko "in", ga abin da zai iya yiwuwa, wanda ba a rufe ƙofarsa ba. Akwai kuma "da … da …", ga abin da ba haka yake ba, ko bai faru ba, ko mai magana ba ya sa ran faruwarsa. Ko ƙaramin yaro ba ya rikita "idan na samu, zan ba ka" da "da na samu, da na ba ka". Turanci kuwa kalma ɗaya gare shi, *if*, don haka nauyin rarrabewar duk ya koma kan aikatau. Kafin ki rubuta kowace jimla, tambayi kanki: a Hausa "idan" zan ce a nan, ko "da"?

In amsar "idan" ce, aikin da sauƙi. Aikatau yakan tsaya a lokacinsa na gaskiya. Abin da yake faruwa kullum, sigar yanzu a ɓangarorin biyu: *If you leave milk in the sun, it goes sour.* Abin da ake jira nan gaba, sigar yanzu bayan *if*, sai *will* a ɗaya ɓangaren: *If it rains tonight, we will plant tomorrow.* Kuma ba lallai sai *will* ba. Umarni yana shiga, *If you see your aunt, greet her for me*, haka *can* da *may* da *must* da *should*, gwargwadon abin da kike nufi. Har abin da ya wuce yana bin wannan hanya matuƙar ba a san gaskiyarsa ba. A ce yayanki ya yi niyyar tafiya, ba ki tabbatar da lokacin da ya tashi ba, sai ki ce, "Idan da ƙarfe bakwai ya bar Kano, to yanzu yana Zariya." Turancinsa *If he left Kano at seven, he must be in Zaria by now.* Ga *left* bayan *if*, babu *would* ko kusa, kuma jimlar lafiyarta ƙalau. Haka al'adar da aka saba a da: *If my father travelled, he always brought us kilishi.* Irin waɗannan ne jadawalin ba shi da gurbinsu, ɗalibi ya gan su a littafi ya ɗauka marubucin ne ya yi kuskure.

Ƙa'idar da za ki riƙe gam a nan ita ce, ba a sa *will* bayan *if* don kawai zancen na gaba ne. *If he will come tomorrow, I will tell him* ba ta karɓuwa a jarrabawa. Wannan ƙa'ida ba ta *if* kaɗai ba ce, ta shafi *when*, *before*, *after*, *until* da *as soon as*: *I will call you as soon as I arrive.* Amma za ki ci karo da *if* da *will* tare, kuma daidai ne, a wurare biyu da ya kamata ki sani. Na farko inda *will* ke nufin yarda ko amincewa, kamar ma'aikacin banki ya ce miki *If you will wait here, I will call the manager*, wato in ba za ki damu da jira ba. Na biyun ya fi yawa, shi ne inda *if* ba sharaɗi ba ce sam: *I don't know if he will come.* Mayar da ita Hausa ki gani, "Ban sani ba ko zai zo." Duk inda *if* ta koma "ko" a Hausa, *will* yana da izinin zama. Ita kuma irin jimlar nan tamu, "In za ki kasuwa, ki sayo mini gishiri", niyya take nunawa, don haka *If you are going to the market, buy me some salt* ya fi dacewa da ita.

Akwai wani tarkon da "idan" ke ɗana mana wanda ba a cika ambatarsa a aji ba. Kalmar tana ɗaukar abin da ake shakka, tana kuma ɗaukar abin da babu makawa sai ya zo. Muna cewa "idan rana ta faɗi za mu sha ruwa", alhali ba wanda ke tantamar faɗuwarta. Turanci ya raba su: *when* ga tabbas, *if* ga mai yiwuwa. *When the sun sets, we will break our fast.* Wanda ya ce *If the sun sets*, kamar yana cewa wataƙila ba za ta faɗi ba. A gefe guda kuma, mai neman aiki da ya rubuta *When you give me the job* ya yi riga-malam-masallaci, *If I am given the job* ita ce ta mai ladabi.

Yanzu mu koma hanyar "da", inda mafi yawan tambayarki take. Abin da Turanci ke yi don nuna cewa zancen ba gaskiya ba ne shi ne ya ja aikatau baya taki ɗaya. Zancen yanzu sai ya sanya sigar da, wato ta abin da ya wuce (irin *went*, *wrote*), zancen da kuma sai ya ƙara ja baya zuwa *had* haɗe da siga ta uku (irin *gone*, *written*). Ki riƙe wannan, domin kusan komai daga gare shi ya fito.

Ɗauki "Da ina da mota, da na kai ki makaranta." Zancen na yau ne, motar ce babu. Gaskiyar lamarin *I don't have a car*, sai a ja baya taki ɗaya: *If I had a car, I would take you to school.* Wannan *had* ba ta nufin jiya ko bara, alama ce kawai ta nisa da gaskiya. Shi ma *would* ai *will* ne da aka ja baya, kamar yadda *can* ke zama *could*, *may* ke zama *might*. Ɓangarorin biyu tare suke jan ƙafa, shi ya sa *came* da *will* suka ƙi zama wuri ɗaya a jimlarki. Ɗaya ya ja baya, ɗaya yana tsaye.

Da kin rubuta *If he came tomorrow, I would tell him*, da ba a soke ba, amma ma'anar ta sauya. Ta zama "Da zai zo gobe, da na gaya masa", maganar wanda ba ya sa ran zuwan. Wannan wuri yana da daɗin nazari, domin ba duniya ce ke zaɓa wa jimlar siga ba, zuciyar mai magana ce. Ɗalibai biyu za su shiga gasa ɗaya, wannan ta ce *If I win, I will buy a laptop*, waccan ta ce *If I won, I would buy a laptop*. Nahawun kowace daidai ne, sai dai mai sauraro ya riga ya gane wadda ta yarda da kanta. Turawa suna amfani da wannan nisan wajen tausasa harshe kuma. *It would be better if you came on Monday* ta fi *Come on Monday* laushi nesa ba kusa ba, haka *Would you mind if I opened the window?* Idan kin zo rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta a takardar insha'i, irin wannan siga tana ƙara wa rubutu kwarjini.

Sai abin da ya riga ya wuce, bakin alƙalami ya bushe: "Da na ji labari jiya, da na zo." Gaskiyar lamarin *I didn't hear*, sigar da ce tun asali, don haka taki ɗaya baya ya kai mu ga *had heard*: *If I had heard the news yesterday, I would have come.* Wannan ce jimlar nadama da zargi da kuma godiya, domin da ita ake cewa *If you had not helped me, I would have failed.*

A nan nake son ki rage sauri, don nan ne Hausa take daina taimakonki. Kwatanta jimlolin biyu: "da na kai ki makaranta" da "da na zo". Sigarsu ɗaya a Hausa, duk da cewa ta farko zancen yau ce, ta biyu ta jiya. Mu mahallin magana ne ke gaya mana lokaci, ko wata kalma kamar "yanzu" ko "bara". Shi ya sa za ki ji mai Hausa, ko da ya yi nisa a boko, yana cewa *If I have money, I would have bought it*, ko ya sa *would have* a duk inda ya ji "da". Saboda haka tambaya biyu za ki yi, ba ɗaya ba. Bayan kin tabbatar "da" ce, sai ki ƙara: zancen na yanzu ko na gaba ne, ko kuwa na abin da ya wuce? Na yanzu ko na gaba, siga ta biyu, wato sigar da, sannan *would*. Wanda ya wuce, *had* da siga ta uku, sannan *would have* da siga ta uku.

Kuma kowane ɓangare shi kaɗai za ki yi wa wannan tambaya ta biyu, domin lokutan suna iya bambanta. "Da na karanta likitanci, da yanzu ni likita ce." Karatun a baya ne, zama likita a yau ne: *If I had studied medicine, I would be a doctor now.* Ana kuma samun akasin haka, hali mai ɗorewa da sakamakon da ya wuce: *If he were honest, he would have returned the money.* Littattafai suna ware wa waɗannan babi na musamman, su kira su gauraye, ɗalibi ya firgita. Ni a ganina ba sa buƙatar wata sabuwar hadda. Wanda ya auna kowane ɓangare da lokacinsa zai fitar da su da kansa.

Inda maki ke zubewa a banza shi ne siga ta uku. Bayan *had* da bayan *would have*, ba a sa *went*, *came*, *wrote*, *took* ko *saw*. Sai *gone*, *come*, *written*, *taken*, *seen*. *I would have went* kuskure ne komai kyan sauran jimlar, kuma maganinsa a zauna a haddace jerin aikatau marasa bin ƙa'ida, ba wata dabara. Kada kuma *had had* ya ba ki tsoro: a cikin *If I had had time, I would have visited you*, ta farko mataimakiya ce, ta biyu ita ce ainihin aikatau na mallaka. Gajeriyar siga *'d* tana tsayawa a madadin *had* ko *would*, abin da ya biyo bayanta ne zai nuna miki: *If I'd known, I'd have come*, ta farko *had*, ta biyu *would*. Za ki ga wasu a intanet suna rubuta *would of*, saboda haka *would've* ke fita a baki, kada ki kwaikwaya. Za ki kuma ji wasu Amurkawa a hira suna cewa *If I would have known*. Maganar baka ce tasu, mai duba takardar WAEC ba zai karɓa ba.

Batun *were* kuwa, ragowar tsohon Turanci ne. A da can harshen yana da siga ta daban don abin da ake zato ko fata. Da tafiya ta yi tafiya sai wannan siga ta narke cikin sigar da ta yau da kullum a dukkan aikatau, in ban da *be*, wanda har yanzu ake ganin bambancin a tare da *I*, *he*, *she* da *it*. Shi ya sa ake cewa *If I were rich*, *If she were here*. Gaskiya ne Turawa da yawa a hirarsu suna cewa *If I was rich*, ba kuma wanda zai tsayar da su, amma a jarrabawa da rubutu na hukuma *were* za ki zaɓa, musamman a *If I were you*, wadda ita ce "da ni ce ke" tamu ta ba da shawara. Sai dai kada ki wuce gona da iri, ki ɗauka duk *if* sai *were*. *If I was rude to you yesterday, I am sorry* daidai take, don ma'anarta "Idan na yi miki rashin ladabi jiya, ki yi haƙuri." Mai yiwuwa ne an yi, hanyar "idan" ce, aikatau yana lokacinsa na gaskiya.

Idan kin yi Islamiyya har kin taɓa nahawun Larabci, wannan rabo ba baƙo ba ne gare ki: "in" ga mai yiwuwa, "iza" ga wanda ake da tabbacin zuwansa, "lau" ga wanda bai faru ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci su ma sun san dokar da ta hana sa sigar nan gaba bayan *si*, da jan aikatau baya don nuna zato. Tsarin Faransanci da na Turanci a wannan babi sun yi kusa sosai.

JAMB tana son jimlolin da aka cire wa *if* aka juya farkonsu. Kalmomi uku ne ke yin haka: *Had I known, I would have come*, *Were she here, she would help us*, *Should you need anything, call me.* Ma'anar ba ta sauya ba, harshen ne ya ƙara nauyi. In za a kore, *Had I not seen it* ake cewa, ba *Hadn't I seen it* ba. Ita kuwa *Had it been I knew*, wadda ta cika bakin mutane a Najeriya, ki bar ta a wajen ɗakin jarrabawa, ki rubuta *Had I known*. Amma *Had it not been for the rain* ingantacciya ce, ita ce "da ba don ruwan sama ba", kuma ana gajarta ta zuwa *But for the rain*.

Wannan jan baya yana bin wasu kalmomin da ba *if* ba. "Ina ma na san amsar" a yanzu, *I wish I knew the answer*. "Ina ma na sani tun lokacin", *I wish I had known*. Haka *It is high time we left*, da *I would rather you came tomorrow*, da *He talks as if he owned the place*. Duk sigar da ce a ido, ba kuma zancen da ba ne. *Unless* tana ɗauke da korewa a cikinta, kamar "sai dai idan", don haka *Unless you hurry, you will miss the bus*, ba a ƙara mata *don't*. *In case* kuma ba 'yar'uwar *if* ba ce kamar yadda ake zato. *Take an umbrella in case it rains* na nufin ki ɗauki lema tun yanzu don gudun kada ruwa ya same ki. *Take an umbrella if it rains* na nufin sai ruwan ya sauko sannan ki ɗauka.

A takardar zaɓi ta WAEC akwai sashen da ake ba da jimla a ce a zaɓi fassarar da ta dace da ita. In jimlar ta hanyar "da" ce, juya ta za ki yi ki sami gaskiyar lamari: abin da aka tabbatar bai faru ba, abin da aka kore shi ne ya faru. *If Audu had not sold his farm, he would have had enough grain* na nufin Audu ya sayar da gonar, hatsi kuma bai ishe shi ba. Ki lura da ƙarfin kalmar da ke ɓangaren sakamako, domin nan ake ɓoye amsar bogi. *Would have passed* tabbaci ne, *could have passed* iko ne, *might have passed* wataƙila ce kawai. Waƙafi kuma ana sa shi ne idan ɓangaren *if* ya zo a farko, in ya zo a ƙarshe ba a buƙatarsa.

Hanyar atisayen da na ga tana aiki ita ce ki fara daga Hausa da gangan. Kowane dare ki rubuta 'yan jimloli kan abin da ya faru da ke a yinin, wasu da "idan", wasu da "da", ki rubuta lokacin kowane ɓangare a gefensa, sannan ki mayar Turanci. Fara da waɗannan, ki aiko mini in duba: "Idan Baba ya dawo daga masallaci, za mu ci abinci." "Da ba ki tashe ni ba, da na makara." "Da ina jin Faransanci, da na nemi aikin nan da aka tallata bara." "Ban sani ba ko za a ɗauke wuta yau." A ta farko ki yi tunani ko dawowar Baba abin shakka ce kafin ki zaɓi kalmar da za ki buɗe jimlar da ita, a ta uku kuma ki auna kowane ɓangare daban.